GIWAN RUWA: WANE RUWA YA KAMATA MAI KOYON SU YA NUFA?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada ranar da ake rufe bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda dubban masunta kan ruga cikin ruwa da gora da homa da zarar an ba da alama. Kafin awa guda ta cika sai a fara fitowa da kifaye iri-iri, amma wanda idon kowa ke nema shi ne giwan ruwa. A shekarar 2005 wanda ya ci gasar nauyinsa kilo 75 ne, na shekarar 2020 kuwa kilo 78. Yaro ɗan makaranta da ya ga irin wannan kifi a kan ma'auni yakan koma gida da burin wata rana shi ma ya kama nasa. Sai dai kuma da yawa daga cikin masu wannan buri sukan ɓata damina da rani suna jefa ƙugiya a ruwan da giwan ruwa bai taɓa kwana a cikinsa ba. Laifin ba na ƙugiya ba ne, ba kuma na rashin sa'a ba. Tun a wajen zaɓen ruwa aka yi kuskure.

Sunan wannan kifi a kimiyyance Lates niloticus. Ana samunsa a kogin Nilu, da Kwara, da Binuwai, da tafkin Chadi, da sauran manyan ruwayen Afirka. Jikinsa fari ne kamar azurfa, bakinsa wawakeke, idonsa kuma yakan yi ƙyalli rawaya-rawaya idan haske ya doke shi, saboda wani shimfiɗi da ke bayan ƙwayar idon mai mayar da haske, irin wanda kyanwa take da shi. Wannan ne ya sa yake iya farauta da asuba da almuru. Tsawonsa kan kai kusan mita 2, nauyinsa kuma kilo 200, ko da yake irin wannan ba kasafai ake gamuwa da shi ba. Mata sun fi maza girma. Mutanen Amurka da Kanada suna da wani kifi mai farauta da suke kira maski, wanda saboda wuyar samunsa suke cewa sai an yi jifa dubu goma kafin a kama ɗaya. Su ma gwanayensu abin da suke fara koya wa sabon shiga shi ne sanin tafkin da zai je. Halayyar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu kusan ɗaya ce a ko'ina: ba su da yawa, kuma ba kowane ruwa suke zama ba.

NUMFASHI KAFIN ABINCI

Abu na farko da ke raba ruwan giwan ruwa da sauran ruwaye shi ne iskar oksijin. Kifi yana zuƙo wannan iska ne daga wadda ta narke a cikin ruwa, ta hanyar jajayen tsokokin nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. Ita kuwa iskar da ke cikin ruwa 'yar kaɗan ce ƙwarai. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 9 na oksijin, idan kuma zafin ya kai digiri 30 sai adadin ya sauko zuwa wajen miligiram 7 da rabi. Wato dai a cikin bazara, lokacin da jikin kifi ya fi bukatar iska saboda zafi, a lokacin ne ruwa ya fi ƙarancinta.

Bugu da ƙari, adadin yakan hau ya sauka a cikin kwana guda. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna sarrafa hasken rana su saki oksijin. Da dare kuwa sai su daina, su koma suna shaƙar ta tare da kifaye da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganyaye a ƙasan ruwa. Saboda haka gab da fitowar alfijir ne iska ta fi ƙaranci. Wanda yake son ya gwada tafki, to, ya je masa bayan sallar asuba. Idan ya tarar da ƙananan kifaye sun taso sama suna buɗe baki, ko ya ji ruwan yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ya nemi wani wurin. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ne kwandon masunci yake zama littafi ga mai lura. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta mai kama da reshen itace wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa huhu gare ta, har takan shige cikin laka ta yi watanni idan ruwa ya ƙafe. Bargi ma yakan taso ya haɗiyi iska. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru, shi ya sa yana cikin kifayen da kan fara mutuwa idan ruwa ya ɓaci. To, idan masuntan wani tafki ba sa fitowa da komai sai tarwaɗa da gaiwa, tafkin ya riga ya ba da amsa. Idan kuwa ana ganin tsage da kawara da ragon ruwa a cikin kamunsu, akwai dalilin tsayawa a ƙara tambaya.

ZURFI DA MAHAƊA

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi gulbin Rima yana ratsa fadama mai faɗin gaske. Da damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, ruwa kan malala ya haɗe gulbi da tafkuna su zama abu guda. A cikin wannan malale ne 'ya'yan giwan ruwa, masu dabbare-dabbare a jiki, suke fakewa cikin ciyawa suna cin ƙwari da 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa. Idan ruwa ya fara janyewa sai kowa ya kama gabansa: wasu su bi gulbi, wasu su maƙale a tafkunan da suka yanke. Manya kuwa gurbi suke nema, wato wuri mai zurfi, galibi a inda gulbi ya yi kwana ruwa ya ƙwaƙule gaɓa, ko inda wani rafi ya shigo, ko gindin itacen da ya faɗa ruwa. A can suke laɓewa suna jiran abin da ruwa zai koro musu.

Don haka tambayoyi biyu suka wajaba a kan kowane tafki na fadama: shin yana haɗuwa da gulbi kowace shekara, kuma ruwa nawa yake ragewa a cikinsa a watan Afrilu? Tafkin da ke ƙafewa, ko wanda yaro kan ratsa shi da ƙafa a bazara, ba zai tara babban kifi ba ko da ya yi faɗin gari guda da kaka. Masu iya magana sun ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, kuma ilmin halittu bai ƙaryata su ba.

Akwai kuma lissafin ciki. Masana sun kimanta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na abin da wata halitta ta ci yake zama tsoka a jikinta. Ke nan kifi mai kilo 50 ya lamushe ɗaruruwan kilo na karfasa da kawara kafin ya kai haka, su ma kuma sun ci ninkin-ba-ninkin wannan na ciyayi da ƙwari. Ƙaramin tafki ba shi da wannan dukiya. Irin wannan ci nasa ne ya jawo ɓarna a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka, inda aka zuba shi a shekarun 1950, ya yi sanadin ɓacewar kimanin iri 200 na ƙananan kifayen da babu su a ko'ina sai can. A ƙasar Kabi kuwa ɗan gida ne, shi da abincinsa sun daɗe da sanin juna.

Ɗaliban sakandare za su iya auna wasu daga cikin waɗannan abubuwa ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. Igiya mai ƙulli a kowane rabin mita da dutse a bakinta ta isa auna zurfi daga cikin kwalekwale. Farin murfin kwano kuma, idan aka huda tsakiyarsa aka ɗaura masa nauyi, ya zama irin faifan da wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara amfani da shi a shekarar 1865: a riƙa sassauta shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sannan a auna igiyar. Tun da giwan ruwa da ido yake farauta, ruwan da ya kwanta bayan damina ya fi masa jan ruwan Agusta. Malamin da ya sa ajinsa suka yi wannan awo a wuri guda sau ɗaya a wata, daga Oktoba zuwa Mayu, ya koyar da abin da allo ba zai koyar ba.

TO, INA ZA A NUFA?

Matan Fada ba wurin koyo ba ne. An hana su a wurin sai ranar biki, kuma wannan hani, wanda Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsarewa, shi ne asirin manyan kifayen da ake gani. Kimiyyar zamani ma ba ta da wata dabarar da ta fi keɓe wani yanki a bar kifi ya girma. Bikin kansa, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a shekarar 1934, Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Amma gulbin ya sauya. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo a 1984 sun rage malalen da kifi ke hayayyafa a cikinsa, yashi kuma ya cike gurabu da dama. A 2006 ƙarancin ruwa ya sa ba a yi gasar kamun ba.

Mai neman kifinsa na farko ya fi dacewa ya bi gurabun gulbi da ke ƙasa da Birnin Kebbi, ta wajen Bunza inda ruwan Zamfara ya shigo, har zuwa mahaɗa da Kwara. Wanda yake da halin tafiya kuwa, ya nufi Yawuri, bakin tafkin Kainji da ya samu bayan datse Kwara a 1968. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, yana da zurfi, kuma cike yake da warangi, 'yan ƙananan kifayen da matasan giwan ruwa ke kiwo a kansu. Tafkin yana samun cika biyu a shekara: farin ruwa mai laka na daminar wannan yanki, da baƙin ruwa garai-garai da ke isowa daga tsaunukan Gini da hunturu. Na biyun ya fi dacewa da mai ƙugiya.

Kada sabon shiga ya sa ransa a kan mai kilo 70. Mai kilo 3 ko 5 shi ne rabon mai koyo, da ƙaramar karfasa mai rai a bakin ƙugiya, da asuba ko gab da magariba. Wanda bai kai tsawon kamu biyu ba a mayar da shi ruwa, domin sai ya yi kimanin shekara 3 kafin ya fara hayayyafa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba ko nakiya a ruwa. Gurbin da ke ɓoye giwan ruwa kuma shi ne mai cin mutum, wani wurin ma da kada ko dorina, don haka ba a zuwa sai da izinin Sarkin Ruwan yankin, tare da masuncin da ya san wurin, da gora ko rigar ruwa a cikin jirgi.