Soja a Gadon Asibiti: Hukuncin Feres da Haƙƙin Neman Diyya a Dokar Amurka

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne a fagen shari'a cewa idan likita ya yi sakaci har ya jawo wa majinyaci lahani, ana iya kai ƙara domin neman diyya. A ƙasar Amurka kusan kowa yana da wannan haƙƙi a kan asibitocin gwamnatin tarayya, har fursunan da ke gidan yari, in ban da sojan da ke kan aiki. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana asalin wannan togaciya da ake kira hukuncin Feres, da dalilan da aka ɗora ta a kansu, da kuma inda aka kwana.

2.0 Asalin Hukuncin

Amurka ta gaji wata ƙa'ida daga dokar Ingila wadda ta hana a kai hukuma ƙara sai da yardarta. A shekarar 1946 Majalisar Dokoki ta sassauta wannan ƙa'ida, ta ba jama'a damar neman diyya a kotu idan ma'aikacin gwamnati ya cutar da su ta hanyar sakaci. Dokar ta keɓe ɓarnar da ta auku a sakamakon fafatawar soja lokacin yaƙi, amma ba ta ce uffan ba game da sojan da likita ya cutar a lokacin zaman lafiya.

Wannan giɓi ne Kotun Ƙoli ta cike a watan Disamba na 1950, inda ta haɗa ƙararraki uku ta yanke musu hukunci guda. Ta farko ita ce ta matar Laftanar Rudolph Feres, wanda ya rasu a gobarar da ta tashi a barikin soja a jihar New York. Sauran biyun, wato na Jefferson da Griggs, dukkansu a kan likitocin soja ne. Shi Jefferson tiyata aka yi masa a ciki. Bayan kimanin wata takwas, da aka sake buɗe cikin, sai aka tarar da tawul mai tsawon inci 30 da faɗin inci 18, ɗauke da tambarin sashen lafiya na rundunar soja. Duk da haka kotu ta yanke cewa gwamnati ba ta da alhakin biyan diyya a kan lahanin da ya sami soja ta dalilin aikinsa na soja, kuma jinya a asibitin runduna ta shiga cikin wannan aiki.

3.0 Dalilan Kotu da Rauninsu

Mai Shari'a Robert Jackson, wanda ya rubuta hukuncin, ya kawo hujjoji. Daga ciki akwai cewa dangantakar soja da gwamnati ta tarayya ce zalla, saboda haka bai dace diyyarsa ta danganta da dokar jihar da aka tura shi aiki ba. Akwai kuma cewa an riga an tanadar wa soja da iyalinsa tsarin fansho da kuɗin naƙasa ba tare da shari'a ba. Daga baya kotu ta ƙara wata hujja da ta zo ta rinjayi sauran, wato kiyaye ladabi da biyayya: idan aka bar ƙaramin soja yana gurfanar da manyansa a kotun farar hula, tsarin umurni zai yi rauni.

Wannan hujja tana da ƙarfi a fagen daga, domin ba kwamandan da zai iya tafiyar da yaƙi yana tunanin lauyoyi. Amma da wuya a ga alaƙarta da tawul ɗin da aka manta a cikin mutum. Abin da ya fi nuna raunin hukuncin shi ne cewa matar soja ko ɗansa, idan likitan nan ya cutar da su a asibitin nan, suna iya kai ƙara. Ke nan matsayin majinyaci ake dubawa, ba girman sakacin ba. Laftanar Rebekah Daniel, ma'aikaciyar jinya a rundunar ruwa, ta rasu a 2014 saboda zubar jini bayan haihuwa a asibitin rundunar da ke Bremerton, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar mijinta. Haihuwa ma, a idon wannan ƙa'ida, aikin soja ce.

Lamarin bai tsaya ga sakaci ba. A 1958 aka ba Sajan James Stanley ƙwayar LSD mai gusar da hankali ba da saninsa ba, a wani gwaji na runduna, bai kuma gano ba sai a 1975. A 1987 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta hana shi neman diyya daga jami'an da suka aikata hakan. Alƙalan da suka saɓa sun tunatar da ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda alƙalan Amurka da kansu suka shimfiɗa, cewa ba a gwaji a jikin ɗan'adam sai da yardarsa. Sai da Majalisa ta yi wa Stanley doka ta musamman kafin aka biya shi dala dubu 400 da ɗoriya a 1996.

4.0 Gyaran 2019

Ingila, wadda ita ce tushen ƙa'idar, ta soke irin wannan kariya tun 1987. A Amurka kuwa sai a Disamba 2019 aka sami sauyi, bayan fafutukar Sajan Richard Stayskal, wanda asibitin soja bai gano cutar dajin huhunsa da wuri ba a 2017. Sabuwar dokar ta ba soja, ko magadansa, damar gabatar da buƙatar diyya cikin shekara biyu a kan sakacin da aka yi a asibitin runduna. Sai dai ga Ma'aikatar Tsaro ake miƙa buƙatar, ita ke bincike, ita ke yanke hukunci, kuma idan ta ƙi biya babu hanyar ɗaukaka ƙara zuwa kotu.