Me Ya Kayar Da Fim Ɗin Dolittle?

Ranar 17 ga Janairun 2020 kamfanin Universal ya saki Dolittle a gidajen sinima na Amurka, kuma duk wanda ya ga kayan haɗin zai rantse miyar za ta yi daɗi. Ga Robert Downey Jr. a matsayin likita Dolittle, da ɗuminsa daga Avengers: Endgame. Ga Emma Thompson a muryar aku, Rami Malek a muryar goggon biri matsoraci. Ga kuɗi, kimanin dala miliyan 175. Amma masu sharhin fina-finai suka yi masa ca. A shafin tattara sharhi na Rotten Tomatoes, waɗanda suka yaba ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don ina son irin fim ɗin da uba zai kalla tare da 'ya'yansa.

Da farko dabbobin na zarga. Na ce ƙila masu sharhi sun raina fim ɗin da jimina ke surutu a ciki. Zargin bai je ko'ina ba. Su ne dai suka ɗaga Paddington 2, wani fim mai dabba mai magana, sama a 2017, kuma Babe na 1995, labarin ɗan alade mai kiwon tumaki, har takarar Oscar ta gwarzon fim ya shiga. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi mun san dabba mai magana ba aibi ba ce. Korona ma ba ruwanta, domin sharhin ya riga rufe sinima da kusan wata biyu.

Sai na sake kallo, na ƙura wa bakin Downey ido. Sau da dama muryarsa na fita alhali kyamara na kan ƙeyarsa, ko ta ja can nesa, ko tana kan wata dabba. Wannan alamar magana ce da aka naɗa daga baya aka liƙa. Ga kuma karin harshen mutanen Wales da ya aro, yana yin sa ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa.

Me zai sa a yi ta faci haka? Kalanda ta ba ni haske. A 2019 aka shirya fitar da fim ɗin, sai aka ɗage shi zuwa Janairu, watan da Hollywood ta saba sauke kayan da ba ta da tabbas a kansu.

Daga nan zare ya kai ni ga darakta, Stephen Gaghan, wanda ya ci Oscar da rubutun Traffic, ya kuma shirya Syriana kan siyasar man fetur. Barkwanci ba gonarsa ba ce. Ƙashin bayan labarin ma na alhini ne: likita ya rasa matarsa a teku, ya kulle ƙofarsa, sai rashin lafiyar Sarauniya Victoria ta fito da shi. Da aka nuna wa 'yan gwaji sakamakon bai yi kyau ba, sai aka kira Jonathan Liebesman ya sake ɗaukar wasu sassa na kimanin mako uku, Chris McKay ya taimaka da ƙarin abin dariya. Dabbar kwamfuta kuwa, duk abin da aka sa mata a baki shi za ta faɗa.

Inda ɗinkin ya fi fitowa fili shi ne wajen dodanniya mai aman wuta. Likita ya gane ita ma rashin abokin zamanta ke cin ta, irin ciwonsa ke nan, kuma nan ne zuciyar fim ɗin. Kafin mai kallo ya ji abin a ransa, sai ga likita ya zura hannu ta bayanta yana zaro sulken mayaƙa da abin busa na 'yan Sikotlan, ita kuma ta saki iska.

Fim biyu aka ɗinke wuri guda, na mai makoki da na masu neman dariya, kowanne ya danne ɗan'uwansa. Ya tara kusan dala miliyan 250 a duniya, abin da bai rufe ɗawainiyarsa da tallansa ba. A ganina masu sharhi ba su zalunce shi ba.