ƘANWATA DA ALLURAR SUGA

A wannan fitowar ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, duk da na san shi kuke jira. Ku yi mini uzuri. Wata bakwai ke nan rabona da in zauna in rubuta ko da shafi biyar na littafin da nake kai, kuma dalilin hakan shi ne zan ba ku labari, da izinin mai labarin, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ba.

Autarmu ce, shekararta 15. A bazarar da ta wuce ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, dare ɗaya sai ta tashi fitsari sau biyar ko shida. Ga ci kamar gara, amma sai ramewa take yi, har siket ɗinta na makaranta ya daina zama a ƙugunta. Umma ta ce zafi ne, Gwaggo ta ce shawara ce, wata maƙwabciya kuwa ta rantse sammu ne. Ranar da ta soma amai tana wani irin numfashi mai zurfi da sauri, ranar muka kwashe ta sai asibiti cikin dare. Aka ɗiga jininta a 'yar na'urar gwaji, na'urar ma ta kasa nuna lamba saboda sugan ya wuce iyakar abin da take iya karantawa.

Da gari ya waye Umma ta tare likita, ta ce, "Likita, suga kuma? Yarinya ƙarama? Ai ciwon manya ne, masu ƙiba."

Ya ce, "Hajiya, iri biyu ne. Wanda kika sani shi ne nau'i na biyu. Nata na ɗaya ne, kuma yara da matasa ya fi kamawa."

Yadda ya bayyana mana, akwai wata gaɓa a bayan tumbi da suke kira fankiriyas, ita ke samar da wani sinadari mai suna insulin. Duk tuwon da muka ci, ko shinkafa ko burodi, suga yake komawa ya shiga jini, insulin ne ke buɗe masa hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata wurin da ake yin insulin ɗin. Ba shan alewa ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa a kwano ko a kofi. Na tambaya me zai hana a ba ta ƙwaya ta huta da huda jiki, ya ce ciki narkar da insulin yake yi kamar yadda yake narkar da nama, dole sai ta allura.

Daga baya na karanta cewa kafin shekarar 1921 duk yaron da ya kamu da wannan nau'i ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, kuma wanda aka fara yi wa allurar a watan Janairun 1922 yaro ne mai suna Leonard Thompson. Kusan sa'an autarmu. Wallahi sai da na yi hawaye.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu da aka sallamo mu, mun ɗauka allurar nan kamar maganin ciwon kai ce, likita ya rubuta kaza da safe kaza da yamma, shi ke nan an gama. Ashe ba haka ba ne. Abu uku ne ke tafiya tare, allura da abinci da motsa jiki, in ɗaya ya goce sai sauran su kayar da mutum. Tata allurar ita ce mai farin ruwa kamar tsinkakken nono, Mixtard 30, wadda aka gauraya kashi 30 mai saurin aiki da kashi 70 mai aiki a hankali. Sau biyu ake yi, kimanin minti 30 kafin karin kumallo da kafin abincin dare. Da zarar ta shiga jiki ba ta jiran kowa, za ta yi aikinta ko kin ci ko ba ki ci ba. Da gangan na ƙi rubuta adadin yunit ɗin da take yi, domin na san halinmu, wata sai ta ce ai na ƙanwar marubuciya kaza ne bari in gwada. Kowa da nasa ma'aunin, likita ke yanke shi gwargwadon nauyin jiki da shekaru da abin da gwaji ya nuna.

Sati na uku da komawarta makaranta muka ga aya. Ta yi allura, ta ga ta makara, ta suri jaka ta fice ba ta karya ba, ga shi ranar suna da sharar fili. Wajen ƙarfe goma sai jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙe mata hijabi, ta fara magana ba kai ba gindi. Kun dai san makarantunmu na mata, nan take aji ya kaure da ihu wai aljanu sun tashi, wasu suka danne ta, wata ta tafi neman mai ruƙiyya. Ita kuwa kunya ta sa ta ɓoye wa kowa ciwonta, sai ƙawarta guda ɗaya tak. Wannan yarinya, Allah Ya yi mata albarka, ita ta ture mutane ta ruga ta sayo lemon kwalba ta ba ta tun tana iya haɗiya. Minti kaɗan ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya tara jama'a.

Wannan shi ne faɗuwar suga, kuma ya fi tashinsa saurin yin illa. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a irin na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, suga ya faɗi. Alamominsa rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri da saurin fushi. Abin yi shi ne a sha sukari kimanin giram 15, wato ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake gwadawa. In bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi shi da abinci. Amma idan mutum ya suma, don Allah kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Tun daga ranar ƙwayoyin sukari ba sa rabuwa da aljihun jakarta, kuma ni da kaina na je na yi wa malamar ajinsu bayani, tana tura baki tana cewa, "Yaya kin tona mini asiri." Na ce gara tonon asiri da zaman makoki.

Jarrabawar da ta fi wannan girma a wata na uku ta zo, kuma da fuskar alheri ta zo. Gwaggo ta kawo wani jiƙo daga ƙauye, Umma ta kasa ce mata a'a, aka fara ba yarinya. Ana haka sai lambobi suka fara sauka, har likita ya rage allura sau biyu a cikin wata guda. Gida ya ɗauki murna. Gwaggo ta zauna ta ce, "Kun gani ko? Ku daina huda mini 'ya, ta warke." Abba ma ya fara karkata, kuma ban ga laifinsa ba, domin kuɗin insulin da na tsinken gwaji ba ƙaramin nauyi ba ne a kan albashinsa. Ni na kafe sai mun koma asibiti, har Gwaggo ta ce boko ya ɓata ni.

Likita ya yi murmushi, ya ce wannan sananniyar aba ce, kuma da jiƙo da babu jiƙo tana faruwa. Bayan an fara allura, 'yan ragowar ƙwayoyin da ke yin insulin a jiki sukan ɗan farfaɗo su taimaka na wasu makonni ko watanni, daga nan su ƙarasa mutuwa. Turawa har suna suka sa wa lokacin, wai kwanakin amarci. Ku da kuke karanta littattafanmu kun san amarci ba ya dawwama. Haka kuwa aka yi, a wata na shida lambobi suka sake hawa, aka ƙara allura, jiƙon Gwaggo kuma yana nan ana sha. Ni ba na raina maganin gargajiya, da shi aka raine mu, amma na tabbata da mun ajiye allurar nan a watan da aka ce ta warke, da yanzu wani labarin ake yi.

Haka ma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ta kasa cin komai, Umma ta ce tunda ba ta ci ba a bar allurar. Hankali ma haka zai ba ka, amma kuskure ne. Rashin lafiya tayar da suga yake yi, kuma jikin da babu insulin sai ya koma ƙona kitse, wani guba ya taru a jini. Shi ne ke kawo amai da ciwon ciki da wannan numfashin mai zurfi da ya kai mu asibiti tun farko. A irin wannan rana ba a daina allura, ana gwaji duk bayan awa uku ko huɗu, a yawaita shan ruwa, a kira likita ya faɗi yadda za a daidaita adadin.

Sauran abubuwan a hankali muka koya. Mai farin ruwa ana murza kwalbarta a tafin hannu ta gauraye, ba a jijjiga ta. Ana sauya wurin allura tsakanin ciki da cinya, don in aka nace wa wuri ɗaya yakan yi ƙullutu, maganin ya daina shiga yadda ya kamata. Ku kuma lura da sirinji. Wata rana yaron wani kemis ya ba mu mai rubutun U-40 alhali kwalbarmu U-100 ce. Da an ja yunit 10 da shi, yunit 25 ke nan za su shiga jikinta. Lambar kwalba da ta sirinji dole su zama iri ɗaya. Wajen ajiya kuwa, firiji ne wurinta amma ba gidan ƙanƙara ba, in ta daskare ta lalace. Da yake wuta ba ta zama, Umma ta haɗa mana tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. A ciki muke sa kwalbar a robar da ruwa ba ya shiga, a inuwa.

Sai littafinta. Ɗan littafin rubutu ne mai shafi arba'in, a ciki take rubuta lambar safe da ta dare, da yunit nawa ta yi, da abin da ta ci. Da fari gani take wahala ce kawai. Amma da shi likita yake gane inda zai ƙara da inda zai rage, kuma a cikinsa muka gano cewa 'yan kwanaki kafin al'adarta suganta hawa yake yi kowane wata, abin da ke faruwa da mata da yawa masu wannan ciwon.

Wani dare muna kwance, na ɗauka ta yi barci, sai na ji ta ce, "Yaya, wa zai auri mai allura?"

Na ce mata masu irin ciwonta suna aure suna haihuwa lafiya, sharaɗin dai a daidaita suga tun kafin a ɗauki ciki, a kuma riƙe awo da kyau. Na ce kuma duk wanda ya zo da gaske a faɗa masa tun a zaure, ba sai an kai lefe ba, domin shi ne zai kwana kusa da ita ranar da suga zai faɗi cikin dare, gara ya san inda ake ajiye sukari. Ta yi shiru, can ta ce, "To in ya gudu fa?" Na ce ya gaida na gaba.

Ta yi dariya har Umma ta buga mana bango. Da asuba na ji ƙarar 'yar na'urar, ta leƙo ta nuna mini, 112. Ta murza kwalba, ta ja abinta, ta ɗage riga ta soka ko ƙifta ido ba ta yi ba, sannan ta duba agogo ta ce in tashi in dama koko, saura mini minti talatin.