Bayan Gyaɗa Ta Tafi: Darasin Tashi Daga Faɗuwa a Ƙasar Kankiya da Kusada

Duk wanda ya haura shekara sittin a Kankiya, Kusada, Rimaye, Kafin Soli ko Yashe ya ga zamanin da gyaɗa ke sarauta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ita ce ta zama kuɗin manomin wannan yanki. Da ita ake biyan haraji, da ita ake ɗaura wa yara aure, da ita ake sayen keke da rediyo da kwanon rufi. Kaka na kamawa masu saye za su kafa sikeli, manyan motoci su kwashi buhuna su nufi Kano, inda ake jera su har su zama dala. A shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma ba wanda ya zaci wannan rijiya za ta ƙafe.

Sai fari ya sauka daga 1972 zuwa 1974. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, a daminar 1975 kuturtar gyaɗa ta ɓarke, cutar da ƙwaron darɓa ke yaɗawa daga shuka zuwa shuka. Masana sun ƙiyasta cewa ta halaka gyaɗa a kusan hekta 700,000 a Arewa, asarar da ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 250. A 1983 ciwon bushiya ya auka wa shanu, makiyaya da yawa suka wayi gari da sanda kawai a hannu. A 1984 wani farin ya dawo. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Cikin shekara goma sha huɗu, kusan duk ginshiƙin da magidanci ke jingina da shi sai da ya girgiza.

Amma ga garuruwan nan suna tsaye. Kasuwanni na ci, rumbuna na cika, jikokin waɗancan manoma na karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma. Ya kamata mu tambayi yadda aka yi, domin mu ma muna cikin namu farin. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya karya ƙananan 'yan kasuwa, cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ninka kuɗin mota, rashin tsaro kuma ya raba mutane da gonakinsu da dabbobinsu a sassa da dama na Jihar Katsina. Ban da waɗannan akwai faɗuwar da ba ta shiga labarai: jarin da ya narke, auren da ya mutu, jarrabawar da ba a ci ba, rashin lafiyar da ta cinye abin da aka tara.

Imanin da ke da ƙafafu

Idan asara ta sami Bahaushe, abu na farko da za a ce masa shi ne, sai haƙuri, haka Allah Ya ƙaddaro. Maganar gaskiya ce, kuma tana da amfanin da ba kowa ke lura da shi ba. Wanda ya yarda da ƙaddara ya huta da tambayar da ke cinye zuciya, wato me ya sa sai ni. Ba ya kwana yana lissafin da na sani, ba ya zargin maƙwabci da jifa ko kambun baka. Ƙarfin da zai ɓata a can sai ya rage masa na tunanin gobe.

Inda ake kuskure shi ne a ɗauki ƙaddara ta zama tabarmar zama. Malamai kan ba da labarin mutumin da ya so ya saki raƙuminsa da sunan tawakkali, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Haka nan Nana Hajara, da ruwa ya ƙare mata a kwarin Makka ita da jaririnta Annabi Isma'ila, ba ta zauna tana jira ba. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Ruwan bai fito a kan duwatsun da take hawa ba, a wajen jaririn ya ɓuɓɓugo. Duk da haka wannan kai da kawowar ce aka wajabta wa kowane alhaji har yau. Nema wajibi ne a kan bawa, amma ƙofar da za a buɗe masa ba lallai ta zama wadda yake ƙwanƙwasawa ba. Hausawa sun taƙaita shi da cewa, Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Lissafin abin da ya rage

Manoman da suka fi saurin miƙewa bayan 1975 su ne waɗanda suka daina jiran gyaɗa ta dawo yadda take a da. Suka dubi abin da annoba ba ta ɗauka ba: gona na nan, fartanya na nan, sanin ƙasa da lokacin ruwa na nan. Suka ƙara wa wake fili a tsakanin gero da dawa, kuma sannu a hankali wake ya zama amfanin kuɗi, ana lodinsa zuwa Kudu, harawarsa kuma ta zama abincin turka. Wasu suka shiga riɗi. Wasu suka sauka fadama. Lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya fara a farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa suka maye gurbin jigo a wurare da yawa, rani ya zama lokacin tumatir da albasa da attaruhu maimakon lokacin zaman majalisa.

Ita kanta gyaɗar ba ta mutu ba, kasuwarta ce ta sauya. Da aka daina kai ta Turai, mata suka riƙe ta a cikin gida: su soya, su niƙa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli. Sana'ar da ake gani ƙarama ita ta ciyar da gidaje da dama, ta yi wa 'yan mata kayan ɗaki. Masu bincike ma ba su kwanta ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da takwararta ICRISAT, ta fitar da irin gyaɗa mai jure kuturta, daga ciki akwai SAMNUT 24 da aka saki a 2011, mai saurin nuna, wadda ta dace da gajeriyar damina irin ta Katsina. Shekara talatin da shida ke nan tsakanin annobar da wannan iri. Wanda ya naɗe hannu yana jiran magani tun daga 1975, da yunwa ta riga maganin isowa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ba da misalin da ya fi kowanne fitowa fili. Kafin farin 1984 an sare yawancin itatuwan gonakinsu, iska na kwashe ƙasa, dashen da ake yi kuma yana mutuwa. Wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirarrakin da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara barin toho mafi ƙarfi a kan kowane kututture, a rage sauran, a kare shi daga dabbobi. Manoma suka koya wa juna. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, galibi ba tare da an dasa su ba. Mutumin da ya faɗi ma haka yake: abin da ido ke gani an sare, amma sana'ar hannunsa, sunansa na mai amana, lafiyarsa da mutanen da suka san shi duk saiwoyi ne da ke raye. Kafin ka lissafa abin da ya tafi, zauna ka lissafa waɗannan.

Ba a tashi da hannu ɗaya

Babu wanda ya fita daga waɗancan shekaru shi kaɗai. Gayya ta nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Adashi ya mayar wa mace jarinta. Mai hali ya ba talaka akuya ko tunkiya kiwo, in ta haihu a raba. Fulani na da al'adar haɓɓanaye, inda ake ba wanda ya rasa shanu aron saniya, ya riƙe ta har ta haifa masa 'yan maruƙa, sannan ya mayar da uwar. Da irin wannan ne garkunan da bushiya ta share suka sake kafuwa. Cin rani kuma ya kai matasa Kano da Kaduna da Legas, wasu suka dawo da kuɗin taki, wasu suka dawo da sana'a: gini, kanikanci, ɗinki, tuƙi.

Addini ma bai bar wannan ga ganin dama ba. Cikin rukunai takwas na masu cin zakka har da wanda bashi ya yi wa katutu, kuma an umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Zakkar amfanin gona, in ya kai nisabi, kashi ɗaya ce cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Da kowane mai rumbu a Kankiya da Kusada zai fitar da ita yadda ya kamata, a kuma ba mutum abin da zai isa ya zama jari maimakon a gutsuttsura ta mudu-mudu, da mai karɓa bana ya zama mai bayarwa nan da 'yan shekaru. Shi kuma wanda ya faɗi, kada kunya ta kulle masa baki. Mai ɓoye ciwonsa shi ke hana kansa magani.

Ramukan da ke bakin hanya

Lokacin da mutum ya fi kusa da asara ta biyu shi ne bayan ta farko, domin zuciya na gaggawar mayar da abin da ya tafi. Masu damfara sun san haka. Da tsarin zuba kuɗi na MMM ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ɗimbin 'yan Najeriya suka rasa abin da suka zuba, kuma har yau irinsa na sake fitowa a wayoyinmu da sababbin sunaye. Duk wanda ya ce kuɗinka zai ninka cikin wata guda ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, ka riƙe aljihunka. Haka cacar ƙwallo, haka bokan da zai ce a kawo baƙin bunsuru, haka bashi da ruwa. Sayar da gona kuwa shi ne matakin ƙarshe, domin ita ce saiwar. In tilas ta kama, a ba da ita haya ko a yi noman raba-daidai.

Akwai kuma ramin da ba a cika magana a kansa ba. Baƙin ciki bayan asara ba laifi ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙuba ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari. Amma idan makonni suka wuce mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga mutane, ko ya fara cewa gara mutuwa, to wannan ciwo ne da ke da magani. A haɗa addu'a da zuwa asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a bari ya nemi sauƙi a wajen ƙwaya.

Wanda ke cikin ƙunci yau, ya fara da abin da hannunsa ya kai: akuya ɗaya, tire ɗaya na kaya, kwana arba'in a shagon mai sana'a yana koyo ba tare da girman kai ba. Wanda kuma yake tsaye, ya duba unguwarsu, akwai wanda buhun iri ɗaya ko aron injin ban ruwa zai mayar da shi kan ƙafafunsa kafin damina. Duniya juyi-juyi ce, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya mayar wa duk wanda ya yi asara da mafificin alheri, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.