Edward Taub da Matsalar Hannun da Aka Bari: Nazari a kan Aikin Wani Mai Binciken Shanyewar Ɓarin Jiki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun aikin wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna Edward Taub, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana bin diddigin tambaya guda ɗaya. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannunsa ya daina aiki, shin duk rashin aikin nan daga raunin ƙwaƙwalwa yake, ko kuwa akwai wani kaso da majiyyacin ya koya da kansa ba tare da ya sani ba? Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa amsar da Taub ya bayar amsa ce ta ilmin koyo da koyarwa tun kafin ta zama ta likitanci.

Kamar yadda aka sani, shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne in jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda jijiyar jini ta toshe, ko kuwa saboda ta fashe. Da yake ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hagun na jiki, na hagu kuma dama, sai raunin ya bayyana a kishiyar inda ɓarnar ta auku. Ra'ayin da ya daɗe a tsakanin likitoci shi ne, duk sauƙin da za a samu cikin watanni shida na farko ne, ko a ce shekara guda in an daɗe. Bayan nan sai a koya wa mutum yadda zai yi rayuwa da hannu ɗaya. Wannan ra'ayi ne Taub ya ƙalubalanta.

2.0 Birai da gadon Sherrington

An haifi Taub a shekarar 1931 a unguwar Brooklyn ta birnin Niyu Yok. Ba likita ba ne. Ilmin halayyar ɗan Adam ya karanta, a Kwalejin Brooklyn da Jami'ar Columbia, sa'an nan ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Niyu Yok. A wancan zamani masanan wannan fanni a Amurka sun fi mai da hankali a kan yadda lada da horo ke gina ɗabi'a, kuma da wannan ido ne ya shiga ɗakin binciken jijiyoyi.

Abin da ya tarar a can wani tsohon gwaji ne na shekarar 1895, wanda Frederick Mott da Charles Sherrington suka yi a Ingila. Jijiyoyin da ke haɗa hannu da laka iri biyu ne: masu kai saƙon ji daga hannu zuwa ciki, da masu kai umurnin motsi daga ciki zuwa tsoka. Waɗannan masana biyu sun yanke jijiyoyin ji na hannu ɗaya na biri, suka bar na motsi lafiya lau. Sai birin ya daina amfani da hannun kwata-kwata. Daga nan aka yanke hukuncin cewa motsi na ganin dama ba ya yiwuwa in babu ji. Da yake Sherrington babban shehi ne, har ya sami lambar Nobel a 1932, maganar ta zauna daram tsawon shekaru kusan sittin.

Daga ƙarshen shekarun 1950 Taub da abokin aikinsa A. J. Berman suka sake gwajin, amma da ƙari kaɗan. Bayan sun yanke jijiyoyin ji na hannu ɗaya, sai suka ɗaure lafiyayyen hannun. Birin da ke jin yunwa, ga abinci a gabansa, sai ya miƙa hannun nan da aka ce ya mutu ya ɗauka. Motsin ba shi da kyan gani, amma motsi ne. In an kwance ɗaurin bayan kwana ɗaya ko biyu, birin yakan koma gidan jiya. In kuwa aka bar shi mako guda ko fiye, sai amfani da hannun ya ɗore. Wani abin mamaki kuma, birin da aka yanke wa jijiyoyin ji na hannu biyu duka yana amfani da su biyun, alhali wanda aka yi wa hannu ɗaya ba ya taɓa nasa. Watau wanda ya fi rauni ya fi motsi ke nan.

Bayanin da Taub ya kawo shi ne abin da za mu kira a nan "koyon barin hannu". Bayan aikin yanka, laka takan yi wani irin suma na makonni ko watanni, wanda a cikinsa hannun ba ya iya komai da gaske. Birin ya gwada, abinci ya suɓuce. Ya dogara da hannun, ya faɗi. Kowane gwaji horo ne. A ɗaya gefen kuma, duk lokacin da ya yi amfani da sauran gaɓoɓinsa uku sai buƙata ta biya, wannan kuwa lada ne. Kafin lakar ta farfaɗo, darasi ya riga ya zauna, birin ba ya ƙara gwadawa, saboda haka ba zai taɓa gano cewa hannun ya dawo ba.

Akwai wani gwaji da a ganinmu ya fi sauran ƙarfin hujja. Taub ya ɗaure raunannen hannun kansa tun daga ranar aikin har tsawon wata uku, don kada birin ya sami damar gwadawa ya kasa. Da aka kwance, sai birin ya shiga amfani da shi. Wanda bai ɗanɗana kasawa ba bai koyi bari ba. A shekarar 1980 Taub ya rubuta cewa mai yiwuwa haka abin yake ga mutanen da suka sami shanyewar ɓarin jiki, tun da su ma sukan yi makonnin farko hannu ba ya amsawa.

3.0 Shari'ar Silver Spring

Kafin ya kai ga gwada wannan a kan mutane, sai aikinsa ya tsaya cik. A lokacin yana da ɗakin bincike a garin Silver Spring na jihar Maryland, kusa da Washinton. A watan Mayu na 1981 wani matashi mai suna Alex Pacheco, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA, ya shiga wurin a matsayin mai aikin sa kai, ya yi ta ɗaukar hotuna. A watan Satumba 'yan sanda suka kai samame suka kwashe birai 17. Hotunan sun nuna keji masu ƙazanta, da birai masu gyambo a hannuwa, domin dabbar da ba ta jin hannunta takan cije shi kamar ba nata ba. Taub ya ce ƙazantar ta taru ne lokacin da yake hutu, masu kula da wurin suka yi sakaci, kuma naɗe irin wannan rauni yakan sa birin ya ƙara yagar wurin. Kotu ta same shi da laifi shida na rashin ba dabbobin cikakkiyar kulawar likita. An soke biyar a shari'a ta biyu, na shida kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Maryland ta soke shi a 1983, bisa dalilin cewa dokar jihar ba ta hau binciken da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi ba.

Ya kamata mu lura cewa sokewar ƙarshen nan ta hurumin doka ce, ba ta ce biran sun ji daɗi ba. Mu dai ba mu ga dalilin da zai sa sai an zaɓi ɗaya ba: binciken ya amfani mutane, biran kuma sun sha wuya, duka biyun gaskiya ne. Shari'ar tana cikin abubuwan da suka sa Amurka ta gyara dokarta ta kula da dabbobi a 1985. Shi kuwa Taub ya rasa kuɗin bincikensa, ya yi shekaru babu ɗakin aiki, har zuwa 1986 da Jami'ar Alabama da ke Birmingham (ta Amurka, ba ta Ingila ba) ta ɗauke shi.

Biran nan sun sake shiga tarihi. A 1991 Tim Pons da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu, shekara goma sha biyu ko fiye bayan yanke jijiyoyin. Sun tarar yankin ƙwaƙwalwa da a da yake karɓar saƙo daga hannu bai zauna kango ba: in aka taɓa fuskar birin, sai yankin ya amsa. Maƙwabci ya shige filin da aka bari, har tsawon milimita 10 zuwa 14, alhali a da ana zaton ƙwaƙwalwar baligi ba ta iya irin wannan sauyi fiye da milimita ɗaya ko biyu.

4.0 Daga biri zuwa mutum

A Birmingham ne Taub ya tsara jiyyar da ta yi suna, wadda za mu kira jiyyar taƙaita lafiyayyen hannu. Rahotonta na farko ya fito a 1993, a kan majiyyata tara kacal, waɗanda duk sun haura shekara guda da samun ciwon, watau waɗanda aka riga aka sallama. Huɗu ne aka yi wa jiyyar, biyar aka ajiye don kwatanci. Tsarin shi ne a rataye lafiyayyen hannu, ko daga baya a sa masa safa mai kauri, kashi 90 cikin 100 na lokacin da mutum yake farke, har kwana 14. A cikin kwanaki goma na aiki kuma a yi sa'a shida kowace rana ana horar da raunannen. Huɗun nan sun sami ci gaba a ayyukan yau da kullum, kuma ci gaban yana nan bayan shekara biyu.

Salon horon da Taub ya tsaya a kansa kowane malamin firamare zai gane shi. Ana farawa da aikin da majiyyaci zai iya da ƙyar, alal misali tura ɗan katako a kan tebur ko juya kati, a auna lokaci, a gaya masa sakamako nan take, a yaba ƙaramin ci gaba, ba a tsawata a kan kasawa, sa'an nan a ƙara wahalar kaɗan. Tun da kasawa ce ta koya masa bari, dole nasara ce za ta warware darasin. Masu bincike a Jamus, tare da Taub, sun auna ƙwaƙwalwar majiyyata kafin jiyya da bayanta, suka ba da rahoto a shekarar 2000 cewa yankin da ke sarrafa tsokar raunannen hannu ya faɗaɗa.

Babban gwajin ya zo a 2006, ƙarƙashin jagorancin Steven Wolf na Jami'ar Emory, a cibiyoyi bakwai na Amurka, da majiyyata 222 waɗanda ciwonsu ya yi wata uku zuwa tara. Bayan shekara guda, lokacin da waɗanda aka yi wa jiyyar ke ɗauka wajen kammala ayyukan gwaji ya ragu da kashi 52 cikin 100, na sauran kuwa da kashi 26.

To, amma akwai iyaka, kuma rashin faɗinta zalunci ne ga majiyyata. Ba a shigar da mutum wannan gwaji sai yana iya ɗaga wuyan hannu da wasu yatsu ko da kaɗan ne. Wanda hannunsa ba ya motsi sam ba koyon bari ne matsalarsa ba, ɗaure masa lafiyayyen hannu kuwa azaba ce kawai. Har ila yau, wani gwaji da Alexander Dromerick ya jagoranta, aka buga a 2009, ya nuna cewa tsananta horon a kwanakin farko bayan ciwon ya ba da sakamakon da bai kai na horo matsakaici ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje 42, ya sami ɗan ci gaba a motsin hannu, amma bai sami gamsasshiyar hujjar cewa jiyyar ta rage dogaro da wasu ba. Ga kuma tsada: sa'a shida a rana da ma'aikaci guda a kan majiyyaci guda ba kowane asibiti ke iyawa ba. Wannan ne ya sa aka yi ta neman sauƙaƙa tsarin, har a nan gida, inda Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ta Kano ya buga wani gwaji a 2018 da aka ƙirga yawan maimaita aiki, sau 300 ko 600 a rana, maimakon ƙirga sa'o'i. Ƙirga maimaici abu ne da ɗa ko mata za su iya yi a tsakar gida.

A nan za mu ɗan ratse. In ra'ayin Taub gaskiya ne, to tausayin iyali na iya zama malamin da ke koyar da barin hannu. Dattijon da aka ɗauke wa komai, ana ba shi a baki, ana sa masa riga, ana miƙo masa buta, ba shi da sauran dalilin gwada hannunsa. Muna kuma zaton abin zai fi tsanani in hannun hagu ne ya shanye, tun da ci da gaisawa da karɓa duk da dama muke yi. Wannan zato ne namu, ya cancanci a bincika.

Abin da ya fito daga binciken Taub na baya-baya ya ƙarfafa wannan fahimta ta wata fuska. Jiyyar tana da sashe na uku wanda ba a cika ambata ba, watau dabarun kai darasi gida: yarjejeniya a rubuce tsakanin majiyyaci da mai jiyya a kan ayyukan da zai yi da raunannen hannu, da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, da aikin gida, da tuntuɓarsa ta waya bayan an sallame shi. A rahoton da ya buga a 2013, majiyyatan da aka haɗa musu da wannan sashe sun ninka waɗanda ba a haɗa musu ba fiye da sau biyu wajen ci gaban da suka samu a amfani da hannun a gida, ko da yake horon da aka yi musu a asibiti iri ɗaya ne. Ɗaurin hannun kuwa, wanda jiyyar ta ci sunansa, Taub da kansa ya bayyana shi a matsayin mafi ƙarancin muhimmanci a cikin sassan uku.