Abinci da Motsa Jiki a Lokacin Gashin Ciwon Daji

Tun bayan da Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, likitoci suka fara amfani da haske mai ƙarfi wajen ƙona ƙwayoyin ciwon daji. A yau kimanin rabin masu wannan cuta suna buƙatar irin wannan gashi, wanda galibi akan yi shi kwana 5 a mako har tsawon makonni. Sai dai hasken yakan taɓa lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye da ciwon, kuma gyara su yana cin ƙarfin jiki. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa kasala ta zama babban kukan majinyata.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai, wato ESPEN, ta ba da shawara a 2017 cewa mai ciwon daji ya sami kalori 25 zuwa 30, da furotin fiye da giram 1 har zuwa 1.5, a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Alal misali, mai kilo 60 yana buƙatar furotin giram 60 zuwa 90, alhali ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ko 7 ba. Wake, kifi, awara da dafaffen nono duk suna cike gurbin.

Wanda ake gasa wa wuya ko baki yakan yi fama da bushewar baki da gyambo. Kunun gyaɗa da alala mai laushi sun fi masa sauƙin haɗiya, yaji da tsami kuwa sai su ƙara masa raɗaɗi. Ramewa tana da haɗari na musamman a nan, domin abin rufe fuskar da aka auna masa yakan yi sako-sako, har a sake tsara gashin.

A da akan ce majinyaci ya kwanta kurum. Amma a 2019 masana da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta tara sun tabbatar cewa motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau 3 a mako, yana rage kasala, haka ma atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako.

Duk da haka, wanda ciwon ya kai ga ƙashinsa, ko jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko yake zazzaɓi, wajibi ne ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara. Haka nan kada ya sha wani maganin ƙarin kuzari ko na gargajiya ba da sanin likitan ba.