TUKUNYAR FURE DA LAFIYAR TSOFAFFI

A ƙasashen Turai da Amurka, idan tsufa ya ci ƙarfin mutum, sau da yawa akan kai shi wani gida na musamman inda ma'aikatan jinya ke kula da shi dare da rana. To, me ke sa tsoho ya ji daɗin zama a irin wannan gida? Masana biyu na ilimin halayyar ɗan Adam, Ellen Langer da Judith Rodin, sun nemi amsa a wani gidan tsofaffi da ke jihar Konetikat ta Amurka, suka buga sakamakon a 1976.

Sun raba tsofaffin kashi biyu. Shugaban gidan ya gaya wa mutum 47 na wani bene cewa su ke da ikon tsara ɗakunansu da zaɓen daren da za su kalli majigi. Aka kuma ba kowannensu tukunyar fure, ya riƙa ba ta ruwa da kansa. Su ma mutum 44 na ɗaya benen an ba su furen, sai dai an ce musu ma'aikata za su ɗauke musu kowace ɗawainiya.

Bayan mako uku, 'yan rukunin farko suka fi walwala da kuzari da yawan hira. Da aka waiwaye su bayan wata 18, mutum 7 ne suka rasu a cikinsu, alhali kuwa 13 suka rasu a rukuni na biyu. Adadin mutanen kaɗan ne, don haka masana ke taka-tsantsan da batun mace-macen. Amma darasin a fili yake: kulawar da ta raba tsoho da ikon zaɓi tana iya karya masa zuciya.

Sai dai zaɓi yana bukatar isassun ma'aikata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikaciyar da aka ɗora wa tsofaffi masu yawa ba ta da sukunin tambayar kowa yaushe yake son wanka. Shi ya sa a 2003 likita Bill Thomas ya jagoranci buɗe ƙananan gidaje a garin Tupelo na jihar Misisipi, kowanne da tsofaffi kamar goma. Ma'aikatan da suka saba da su ne ke dafa abinci da yi musu hidima, kowane tsoho kuma da ɗakinsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna mazauna gidajen sun fi gamsuwa da rayuwarsu.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, idan kana hidimar kakanka a gida, kafin ka yi masa abu, fara tambayarsa yadda yake so.